Irin da Ba a Binnewa

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da ƙafarta.

Ta zo mu ji ta, mun shimfiɗa mata tabarma.

To, ku matso. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, don in na fara ba na son a katse ni.

Wata yarinya ce, sunanta Tasalla. Gidansu shi ne na ƙarshe a garin, daga shi sai daji. Ubanta Barmo ɗan ayari ne a da, ya sha keta sahara da raƙuma. A can wata ƙasa mai duwatsu da sanyi ya auro uwarta, ya zo da ita gida. Mutanen gari suka kasa faɗin sunanta, sai suka riƙa ce mata Baƙuwa. Ta shekara, ta haihu, ta iya Hausa rangaɗau, amma tana nan Baƙuwa. Kun dai san halinmu.

Baƙuwa ba ta zo da tasa ba, ba ta zo da tukunya ba. Abin da ta zo da shi 'yar batta ce ta fata, cikinta wani iri baƙi, ƙanana ƙwarai, riɗi ma ya fi su girma nesa ba kusa ba. Duk sanyi sai wani tsiro ya fito a bayan ɗakinta, ya yi fure ja wur, mai laushi kamar sabon kallabi. In furen ya zube sai ya bar ɗan kai mai siffar tulu, a cikinsa irin yake. Wannan irin take barbaɗawa a fuskar gurasa kafin ta manna ta a tanderu. In ka tauna sai ka ji ƙus-ƙus a haƙori, ga wani ƙamshi da ba ka taɓa ji ba. Furen ma ba wanda ya san sunansa, sai aka ce furen Baƙuwa.

Ana nan, ana nan, sai ciwo ya kama Baƙuwa da bazara. Ba ta daɗe ba ta rasu. Aka binne ta. 'Yan gaisuwa suka zo, suka zauna, suka tashi. Ita ba ta da dangi a garin, shi ma Barmo nasa sun yi nisa. Gida ya rage mutum biyu.

Ran da aka watse, Barmo ya shiga ɗaki, ya zauna, ya fuskanci bango. Bai sake juyowa ba.

Tasalla ta kai masa tuwo, bai ci ba. Ta kai masa fura, bai sha ba. Ta kai masa kunu, ya kurɓi kaɗan, idonsa na kan bango. Kullum da safe sai ta durƙusa a bayansa ta yi masa 'yar waƙa:

Baba juyo, Baba juyo,
Gari ya waye, rana ta fito,
Baba juyo ka dube ni.

Bai juyo ba.

Wata safiya tana shara, sai tsintsiya ta bugi ƙafarsa. Ta ji ƙarar ba ta ƙafar mutum ba ce. Ta duƙa ta taɓa. Ashe ƙafafun sun zama ƙasa, jar ƙasa irin ta bangon da yake kallo. Tsoro ya kama ta. Ta riƙe masa riga tana kuka, tana tambayarsa me yake so, ya faɗa, ko mene ne za ta nemo.

A nan ya yi magana, kuma ita ce maganarsa ɗaya. Ya ce, "Ƙamshin gurasarta nake nema. Na nema na rasa."

Tasalla ta shiga kasuwa ta samo gurasa mai riɗi. Bai buɗe baki ba. Ta samo mai ƙuli, bai buɗe baki ba. Ta samo wadda aka shafe da man shanu, ko motsi bai yi ba. Sai ta gane ba gurasa ce kawai ba, irin nan ne. Ta bincike kayan uwarta, ta sauke ragaya, ta juye ƙore. A ƙwaryar ƙarshe ta samu battar. Ta zazzage a tafin hannu. Abin da ya rage bai rufe tsakiyar tafin ba.

Ta ce a ranta, wannan ba na ci ba ne, na shuka ne. In ya yi yawa ta gasa wa Baba gurasa har ya ƙoshi. Ta kasa shi kashi uku, ta ƙulle kowane kashi a tsumma.

Amma fa ba ta san yadda ake shuka shi ba, kuma ba ta da wanda za ta tambaya a gida.

Da ruwan shuka ya sauka, sai ta je wajen Sarkin Noma. Ta same shi a bakin gona, sungumi a kafaɗa. Ta gaishe shi, ta nuna masa irin. Mutumin kirki ne, sai dai yana sauri. Ya duba, ya ce iri dai iri ne, ba shi da wata hanya sai ɗaya. A sara rami, a jefa, a take da diddige. Haka kakansa ya yi, haka shi ma yake yi, kuma rumbunsa bai taɓa zama wayam ba.

Tasalla ta koma bayan ɗaki. Ta sara, ta jefa, ta take. Ta sara, ta jefa, ta take. Kashi ɗaya ya ƙare.

Ta jira. Geron mutane ya tsiro, nata shiru. Dawar mutane ta tsiro, nata shiru. Gero ya kai gwiwa, ya wuce kan mutum, ya fid da kai, nata shiru. Da ta gaji ta sa yatsa ta tona, ba ta samu komai ba sai laka. Ta shiga ɗaki ta duba ubanta. Ƙasa ta kai masa ƙugu.

Labari ya bazu cewa a gidan ƙarshe akwai mutumin da yake zama bango. Iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa. Masu zuwa itace suka sake hanya. Tasalla takan je gidajen mutane ta yi surfe, a ba ta ɗan tsaba, a miƙo mata daga nesa. In ta dawo ta yi sallama a ƙofar gida, ta tsaya kaɗan, sannan ta amsa wa kanta. Kewa ta dame ta ƙwarai, har takan ji daɗi in kazar maƙwabta ta ɓato ta shigo.

Kaka ta wuce, sanyi ya fara. Sai ta ɗauki kashi na biyu ta gangara fadama, wajen wani tsoho mai lambu, Cindo. Shi ma ya duba irin, ya ce ai wannan ɗan'uwan irin albasa ne. Ƙaramin iri ba a kai shi gona kai tsaye. A fara rainonsa a fangali, in ya yi ƙwari a cire a dasa. Ya karɓa ya shuka mata a gefen albasarsa, ya rufe da ƙasa sama-sama.

Aka yi sa'a 'yan tsiraru suka fito. Tasalla ta yi murna har ta yi tsalle. Kullum tana fadama tana kallonsu. Da suka yi ganye, tsoho ya ce dashe ya yi. Ta cire su a hankali, ta jera a ƙwarya, ta rufe da ɗanyen ganye, ta kai bayan ɗaki ta dasa, ta ba su ruwa.

Da safe sun sunkuyar da kai. Da rana sun kwanta. Kashegari sun bushe. Ta ciro ɗaya ta duba, ta ga saiwar guda ɗaya ce tal, siririya kamar zare, kuma ta tsinke tun a fadama.

Ta shiga ɗaki. Ƙasa ta kai wa ubanta ƙirji. Ƙadangare ya hau bayansa yana shan hantsi, zanzaro ya fara gini a kafaɗarsa. Ta kore su. Ta durƙusa ta yi waƙarta:

Baba juyo, Baba juyo,
Damina ta wuce, sanyi ya zo,
Baba juyo ka dube ni.

Bai juyo ba.

Saura kashi ɗaya. Tasalla ta kwance tsumman ta daɗe tana kallo. Ta ce ta binne ya ƙi, ta dasa ya ƙi, wannan in ta shuka shi ma asara ce. Gara ta gasa gurasa ko guda ɗaya ce, Baba ya ci, abin da zai faru ya faru.

Ta yi surfe ta samo ɗan garin alkama, ta kwaɓa. Ta je wajen tanderun uwarta, wanda tun rasuwar ba a sake hura shi ba. Ta share yanar gizo, ta zuba kara, ta kunna wuta.

Da tanderu ya ji ɗumi sai ya yi tari. Ya sake tari. Sannan ya yi magana da wata murya kamar ta tsohuwa mai mura. Ya fara da mita, kun san tsofaffi. Wai tun da Baƙuwa ta tafi ba wanda ya ce masa ci kanka, sanyi ya shige masa ciki, kunama ta haihu a gindinsa. Tasalla ba ta gudu ba. Ta daɗe ba a yi mata magana a gidan nan ba, ko da mita ce tana so.

Da ya gama mitarsa sai ya ce, "'Yar Baƙuwa, mayar da wannan irin. Ɗan abin nan ko gefen gurasa ba zai ƙamsasa ba. Ubanki zai shinshina, ya ji kamar ita, ya ji ba ita ba, ya ƙarasa zama bango."

Ta ce, "To ya zan yi? Na shuka sau biyu ya ƙi."

Tanderu ya ce, "Ku mutanen nan komai sai kun binne. Ku binne gero, ku binne dawa, ku binne gyaɗa. Wanda ba ku binne ba kuma sai kun tashe shi daga inda yake. Shi wannan ba ya son duhu, ba ya son ƙaura. Ki gauraya shi da yashi, ki barbaɗa a fuskar ƙasa yadda uwarki take barbaɗawa a fuskar gurasa. Ki bar shi yana kallon sama. Inda ya faɗi, nan ne gidansa."

Tasalla ta ce ita ba ta taɓa ganin Inna tana shuka ba. Tanderu ya ce ta gani mana, sau da yawa ma, sai dai ta zaci yashi take watsarwa. Yana faɗin haka kara ya cinye, ya huce, ya yi shiru.

Kashegari da sassafe ta gyara bayan ɗaki, ta farfasa ƙasa ta yi laushi. Ta ɗebo yashi a ƙoƙo, ta zuba irin, ta juya. Ta barbaɗa. Ta barbaɗa. Ta barbaɗa har ƙoƙo ya ƙare.

To, a nan aka yi ta. Yarinya jikar manoma, ga iri kwance a fili tsirara. Diddigenta ya fara ƙaiƙayi. Ƙafar ta ɗaga da kanta za ta take, ta kama ta da hannu ta mayar. Ta sake ɗagawa, ta sake mayarwa. A ƙarshe sai da ta zauna a kan ƙafafun. Kuna dariya, ku ma da haka za ku yi. Ruwa ma ba ta kwarara ba. Ta riƙa tsoma tsintsiya a ƙwarya tana yayyafawa, don kada irin ya gudu.

Ba ta tashi ba sai ga tururuwa, layi guda, babbarsu a gaba. Babbar ta ce abin da duk aka bari a fili ba a rufe ba nasu ne, haka dokar take tun kafin a kafa garin. Tasalla ta ce ba ta ja da doka, su ɗauka. Tururuwa suka shiga ɗauka. Wannan ta ɗauki yashi, waccan ta ɗauki yashi, ta bayanta ma yashi. Suka wuni suna jigila, raminsu ya cika da yashi, cikinsu ba komai. Da yamma babbar ta dawo a gajiye. Tasalla ta ce ga shawara, kullum za ta zuba musu dusa a ƙofar gida, su bar mata bayan ɗaki. Suka yarda, har da godiya.

Ta yi ta yayyafi safe da yamma. Wata safiya ta fito ta ga ƙasa ta yi kore-kore, kamar gashin jariri. Sun fito, kuma sun fito da yawa, a cunkushe. Ta hura tanderu don ta ba shi labari. Tanderu bai taya ta murna ba. Ya ce ta je ta rage su, ta bar tazarar tafin hannu tsakanin kowane biyu, in ba haka ba za su shaƙe juna, ba wanda zai yi kai. Ta ce bayan duk wahalar nan ita za ta cire su da hannunta? Ya ce shi dai ya faɗa mata. Ya huce.

Tana tsugune tana jinjina abin, sai ga zomo ya leƙo ta dangar kara, yana motsa hanci. Ya ce ya ji ƙamshin sabon ganye, kuma shi ba ya ganin ganye ya wuce. Tasalla ta ce ya zauna a nan, ita za ta ciro ta miƙa masa, ganyen da aka miƙo ai ya fi daɗi, amma kada bakinsa ya taɓa wanda yake tsaye. Zomo ya ga ba a taɓa yi masa hidima irin wannan ba. Ya zauna kamar mai sarauta, tana cira tana ba shi, har tazara ta samu. Daga ranar ya ɗauki lambun nasa ne, duk zomon da ya matso sai ya kore shi.

Tsiro ya tashi. Ya yi kara siriri mai gashi-gashi. Kowane kara ya ɗauki ƙullin fure, ya sunkuyar da shi ƙasa. Tasalla ta zaci mutuwa za su sake yi. Ashe haka suke. Wata safiya suka ɗaga kai gaba ɗaya, suka buɗe. Bayan ɗaki ya yi ja wur daga wannan danga zuwa waccan.

Ta tsaya a tsakiyarsu. Ta waiga dama, ta waiga hagu, tana neman wanda za ta ce wa zo ka gani. Ba kowa. Sai ta tsinki ɗaya ta ruga za ta nuna wa ubanta. Kafin ta kai ƙofar ɗaki furen ya zube, tsinke kawai ya rage a hannunta. Ta shiga da tsinken. Ƙasa ta kai masa wuya. Ta zauna a bayansa ta yi kuka mai isarta.

Abu ja ba ya ɓuya. Wani makiyayi ya hango daga kan tudu, ya faɗa wa mai nono, mai nono ta faɗa a kasuwa, magana ta kai kunnen Sarki. Shi kuwa Sarkin nan, in ya ji akwai abu mai kyau a ƙasarsa kuma ba a gidansa yake ba, ba ya iya barci. Ya aiko dogari ya kawo masa furen.

Tasalla ta ce bisimilla, ya tsinki ɗaya. Dogari ya tsinka ya kama hanya. Ya isa fada da tsinke. Sarki ya ce tsinke ya aike shi kawowa? Dogari ya dawo da ƙwarya cike da ruwa, ya sa fure a ciki, ya rufe da faifai, ya tafi yana sanɗa. Aka buɗe a gaban Sarki, sai ga jan abu yana yawo a kan ruwa, tsinke a gefe. Ran Sarki ya ɓaci. Ya ce shi da kansa zai je.

Ya zo, ya tsaya a bakin danga yana kallo. Ko shi bai taɓa ganin irinsa ba. Sannan ya ce a kawo fartanya, a tone su duka da saiwarsu, a kai fada a dasa.

Tasalla ta san abin da dashe yake yi. Ta san kuma ba sauran iri a batta. In aka tone waɗannan, ubanta ya tafi ke nan. Ta durƙusa a gaban Sarki.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in aka tone su yau, gobe kara za ka tarar. Ka ba ni lokaci har su yi magana. Ran da suka yi magana, ni zan kawo maka lambun nan duka a hannu ɗaya, kuma ko fure ɗaya ba zai zube a hanya ba."

Sarki ya dube ta. Fure mai magana, lambu a hannu ɗaya. Son ganin abin mamaki ya fi ƙarfin fushinsa. Ya ce ya ba ta lokaci. Amma in ta yi ƙarya, za a tone lambun, a rushe gidan, da bangon da wanda yake zama bangon. Ya juya ya tafi.

Furanni suka yi kwanakinsu suka zube. Ja ya tafi, aka bar kawuna kore a kan kara, ba kyan gani. Mutane suka ce yarinya ta yi wa Sarki wayo, ga shi za ta gamu da gamonta. Zafi ya shigo. Ƙasa ta kai wa Barmo haɓa, ruwa ma sai Tasalla ta ɗiga masa da tsinke. Haƙurinta ya kusa ƙarewa. Ta fasa kai ɗaya ta duba, ta ga irin fari ne, jiƙaƙƙe, ba ƙamshi. Ta bar sauran. Ta koma bayan ubanta:

Baba juyo, Baba juyo,
Sanyi ya wuce, zafi ya zo,
Baba juyo ka dube ni.

Bai juyo ba. Ko ya so ma yanzu, wuyan ba ya juyuwa.

Kawuna suka yi rawaya. Suka bushe. Wata rana da hantsi tana zaune a inuwa, iska ta kaɗo, sai ta ji caka-caka a bayan ɗaki. Ta kasa kunne. Caka-caka, caka-caka, ko'ina ya ɗauka. Ta tashi da gudu. Kowane kai ya buɗe 'yan ƙofofi a ƙarƙashin murfinsa, irin yana motsi a ciki.

Ta karyo guda ɗaya, ta dunƙule a hannu, ta nufi fada. Ta faɗi ta yi gaisuwa. Ta girgiza kan a kusa da kunnen Sarki, ya ji maganar. Ta ce ya buɗe tafinsa. Ta zazzage masa, irin ya zubo baƙi ƙirin, ba ya ƙirguwa. Ta ce ga lambun nan, kowace ƙwaya fure ce, kuma ko ɗaya bai zube a hanya ba. Ta gaya masa yadda ake yi, da yashin, da tsintsiyar, da riƙe diddige.

Sarki ya ce wato sai ya jira sanyi ke nan. Ta ce ita ma ta jira. Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce ta faɗi abin da take so. Fadawa suna raɗa mata ta ce zinariya, ta ce shanu. Ita kuwa ta ce a ba ta alkama ƙwarya ɗaya, kuma a ba ta yanzu, tana sauri.

Ta dawo gida. Ta kakkarye kawunan duka, ta zazzage a faifai, irin ya taru. Ta fara cika batta tukuna. Ta niƙa alkama, ta tankaɗe, ta kwaɓa, ta rufe ƙullu a rana har ya tashi. Ta hura tanderu. Wannan karon bai yi mita ba. Abin da ya ce kawai shi ne ta barbaɗa da yawa, kada ta yi rowa.

Ta barbaɗa da yawa. Ta jiƙa hannu, ta manna gurasa a cikin tanderu. Ƙamshi ya tashi, ya cika tsakar gida, ya tsallake danga. Ta ɓamɓaro ta da zafinta, ta sa a faifai, ta shiga ɗaki.

Ƙasa ta rufe masa baki. Hanci da idanu kawai suka rage. Ta ratsa tsakaninsa da bango, ta kai gurasar kusa da hancinsa. Yau ba ta yi waƙa ba.

Hancin ya motsa. Ya sake motsawa. Ƙasar da ke kan leɓe ta tsage. Ta gutsuro kaɗan ta sa masa a baki. Ta jira. Sai ta ji ƙus. Sai ta ji ƙus-ƙus. Ƙasa ta fara zuba daga haɓa, daga wuya, daga ƙirji. Gidan zanzaro ya faɗo ya fashe. Ƙugu ya saki, gwiwa ta saki, yatsun ƙafa suka motsa. Barmo ya ja dogon numfashi, ya ɗauke idonsa daga bango, ya sauke shi a kanta.

Ya daɗe yana kallonta. Yarinyar da ya sani ba ta kai haka tsawo ba, kuma ba ta rame haka ba. Ya dubi hannuwanta duk sun yi kanta. Ya juya ya dubi ƙofa, ya kasa kunne ko zai ji motsin wani a tsakar gida. Bai ji ba.

Ya ce, "Tasalla, wa yake zaune da ke?"

Ta ce, "Ba kowa, Baba."

Ya ce, "Da wa kike cin abinci?"

Ta ce, "Ni kaɗai."

"Tun yaushe?"

"Tun ran da ka juya."

Barmo ya sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo, suka wanke sauran ƙasar da ke fuskarsa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya ɗauki gurasar, ya raba ta biyu. Ya miƙa mata babban rabin.

Ya ce, "Zauna nan kusa da ni. Ke za ki fara."

Ta zauna. Suka ci tare.

To, kun ji. Abin da ya zo muku daga nesa, ku tambayi yadda yake rayuwa kafin ku yi masa yadda kuka saba. Kuma duk wanda aka yi wa rashi, ya yi kukansa, ba a hana shi ba, amma ya riƙa waiwayawa, don akwai mai rai a bayansa yana jira.

Ƙurunƙus, na ɗora ta a kan ɓera ya ruga da ita. Ba don Gizo ba da kun ce ƙarya na shirga muku, to ƙaryar ce ma, sai dai mai ƙamshi. Ku tashi, kowa ya kama hannun ƙaninsa.